Ɗaukar hoto a dajin Algonquin a watan Janairu: kwana a gadon lilo, mutum shi kaɗai

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Ina da niyyar shiga gandun dajin Algonquin da ke Ontariyo ta Kanada a tsakiyar Janairu, ni kaɗai, ta hanyar ƙafa ta Highland. Kayana: kyamara marar madubi, lens mai faɗi 20mm f/1.8, batir biyu, ƙafar kyamara ta alminiyom, gadon lilo, tamfol da jakar barci. Abin da nake so na samu shi ne hoton tamfol yana haske da daddare a ƙarƙashin taurari, da hotunana ina tafiya cikin dusar ƙanƙara. Yaya zan yi kada batir ya mutu, kuma yaya mutum zai ɗauki kansa hoto mai kyau babu mai riƙe masa kyamara?

Malam Isa: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kafin a taɓa maganar kyamara, a jerin kayanka akwai giɓin da zai iya kai mutum lahira. Ka ce gadon lilo da jakar barci, ba ka ambaci bargon ƙasa ba. Jakar barci tana riƙe ɗumi ne da iskar da ke maƙale cikin gashin agwagwar da aka cusa mata. Da ka kwanta, nauyinka ya danne gashin da ke ƙarƙashinka, iskar ta fita, sai ya zama tsakanin bayanka da sanyin waje babu komai sai ƙyalle. A ƙasa tabarma ce ke toshe wannan. A gadon lilo kuwa iska na wucewa ta ƙarƙashinka dare farai. Maganinsa bargo ne da ake ratayawa a wajen gadon daga ƙasa, ya rungume shi ba tare da an danne shi ba.

A Algonquin dare na Janairu yana sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokacin har 30. Ka sayi bargon da aka rubuta masa sanyin da ya wuce hasashen yanayi da digiri 10. In babu shi, a haɗa biyu: mai kauri daga ciki, na biyu a waje a sassauce kada ya matse na cikin. Kuma ka riƙe tabarmar soso mai tauri ko da ba ka shirya kwana a ƙasa ba. In igiya ta tsinke ko bargon ya jiƙe, ita ce mafita.

Hajiya Rabi: Gaskiya Malam Isa ya faɗa. Bari in ƙara kan rataya, domin yawancin masu kukan sanyi bargonsu lafiya lau, rataya ce ta gurɓace. Bishiyoyi biyu masu rai, tazara mita 4 zuwa 5, kaurin kowace ya kai santimita 20. Ka ɗaga kai ka duba sama tukuna: busasshen reshe ko tulin dusar ƙanƙara a kan rassa yana faɗowa da dare. Maɗauri ya zama mai faɗi, aƙalla santimita 2.5, don kada ya yanki ɓawon itace. Ya sauko daga bishiya da karkata ta digiri 30. Ga yadda ake aunawa ba tare da na'ura ba: miƙe manuniya a kwance, babban yatsa a tsaye, layin da ya haɗa bakinsu shi ne karkatar da ake so. In ka ja shi ya miƙe ƙyam, ƙarfin da ke kan igiya yana ninka nauyinka, gadon kuma ya matse kafaɗu.

Gado mai tsawon mita 3.3 yana son igiyar tsakiya, wadda ke ratsa samansa, ta zama kamar mita 2.8. Ka kwanta a karkace, kai gefe ɗaya ƙafa ɗaya gefen, bayanka zai miƙe. Bayan ka kwanta, ka zura hannu tsakanin gado da bargon ƙasa. In ka ji rata, sanyi zai taru nan, musamman a ƙarƙashin gwiwoyi da bakin bargon ta wajen kai. Ka gwada duk wannan a bayan gida ko a sansanin Mew Lake, wanda ke buɗe duk shekara kuma motarka na kusa, kafin ka yi nisa.

Nura: Na gode Malam, na gode Hajiya. Na ɗauki wannan. To batir fa?

Injiniya Habu: Ƙanina, ka riƙe ƙa'ida ɗaya: kyamara ta zauna a sanyi, batir ya zauna a ɗumi. Batirin litiyom ba ya rasa cajinsa don sanyi. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin cikinsa yana yin nauyi, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da kyamara ke buƙata, sai ta nuna ya ƙare ta mutu. Ka cire shi ka sa a aljihun ciki minti 20 zuwa 30, zai dawo da kaso mai yawa. Don haka juyi ake yi: ɗaya a kyamara, sauran a jikinka, a aljihun rigar da ke kusa da fata, ba aljihun babbar riga ta waje ba. Biyu sun yi kaɗan ga mai son hoton dare. Ka nemi huɗu, ka rubuta musu lamba da alƙalami don ka san wanda ya huta.

Abin da ke lalata batir har abada shi ne caji alhali yana ƙasa da sifili. Litiyom yana taruwa ya daskare a jikin farantin ciki, ƙarfin batirin ya ragu, kuma ba ya gyaruwa. In za ka yi caji daga fawa bank, su biyun su ɗumama tukuna, ka yi cajin cikin jakar barci. Fitilar goshi kuma ka sa mata batir AA na litiyom, irin Energizer Ultimate Lithium, wanda ke aiki har digiri 40 ƙasa da sifili. Na alkalin yana sarewa da wuri.

Ka kashe Wi-Fi da Bluetooth na kyamara, ka kashe nuna hoto bayan ɗauka, ka rage hasken allo. Ka kuma duba littafin kyamararka: yawanci an rubuta musu aiki daga sifili zuwa digiri 40, wasu masu kariya har 10 ƙasa da sifili. Suna aiki ƙasa da haka, sai dai allo yana jan ƙafa, maɓallan suna tauri, roba tana saurin karyewa. Murfin batir da na memori a buɗe su a hankali.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, ni ban gamsu da barin kyamara a waje ba. Kaya mai tsada haka, a bar shi a digiri 25 ƙasa da sifili har safe? Me zai hana a sa ta cikin jakar barci tare da batir, ta kwana da ɗumi?

Injiniya Habu: Yaya, sanyi ba ya cutar da ita, ruwa ne ke cutar da ita. Ka ga yadda kwalbar lemo ke gumi in an fito da ita daga firij? Haka kyamara mai sanyi take yi da ta shiga iska mai ɗumi da laima, kuma cikin jakar barci babu abin da ya fi laima yawa, saboda gumin jiki. Raɓar ba a waje kaɗai take tsayawa ba, har cikin lens da kan allon lantarki. Da safe ka fito da ita, ruwan ya daskare a ciki, zoben fokos ya ƙi juyawa, gilashi ya yi hazon da ba ka isa ka goge ba don daga ciki yake.

Ka cire batir, ka rufe lens, ka sa ta a jakarta, ka rataya a ƙarshen igiyar tsakiya ta wajen ƙafa, nesa da numfashinka. Ranar dawowa kuma, kafin ka shiga mota mai hita, ka zare memori ka sa a aljihu, ka zura kyamarar a leda mai zif tun kana waje, ka matse iska ka rufe. Raɓa za ta kwanta a jikin leda. Ka bar ta awa biyu zuwa uku kafin ka buɗe.

Ɗan Maraɗi: To in a leda mai zif aka sa ta sannan aka shigar jakar barci fa?

Injiniya Habu: Ba za ta jiƙe ba, amma me ka ci? Ka rungumi ƙarfe mai sanyi yana shan ɗumin jikinka, da safe kuma cikin minti kaɗan ta koma yadda take. Har ma kyamara mai ɗumi ta fi matsala in dusar ƙanƙara na zuba: tana narkewa a jikinta ta shiga saƙo-saƙo. A kan mai sanyi kuwa busasshiya take, buroshi mai laushi ya isa. Kada ka hura da baki ko kaɗan, numfashi yana daskarewa a kan gilashi nan take. Ko leƙa ido za ka yi, ka riƙe numfashi ko ka fitar da shi gefe.

Maman Sadiq: Bari in shigo ta ɓangaren haske, tunda shi ne hoton. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa toka-toka matsakaici. In fili duk fari ne, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, dusar ƙanƙara ta fito kamar toka, fuskar mutum kuma ta nutse baƙi ƙirin. Ga mu masu duhun fata wannan ya fi tsanani, domin tazarar da ke tsakanin fuska da farin fili babba ce. Ka ƙara haske da +1 zuwa +1.7 in gari a lumshe yake, har +2 in kusan duk hoton fari ne. Kada ka yarda da abin da allo ke nuna maka, ido yana ruɗuwa a farin wuri. Ka duba histogiram, zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoto: tudun ya matsa dama amma kada ya manne da bango. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa inda haske ya ƙone. Farin da ya ƙone ya tafi ke nan, inuwa kuwa ana iya ɗago ta. Shi ya sa RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, wajibi ne a nan.

Inuwar dusar ƙanƙara shuɗiya take fitowa domin hasken sama take karɓa, ba na rana ba. Kada ka goge shuɗin gaba ɗaya wajen gyara, shi ne ke sa mai kallo ya ji sanyin. Kuma ka lura rana a can tsakiyar Janairu tana fitowa wajen takwas saura, ta faɗi kafin biyar na yamma. Ba ta hawa sama sosai, don haka haskenta a kwance yake, yana fito da rubutun iska a kan dusar. Wannan alheri ne, amma yinin gajere ne ƙwarai.

Ɗaukar kai kuwa, ga tsarin da ba ya ba da kunya. Ka kafa kyamara, ka zaɓi inda za ka tsaya. Ka saita fokos a kan bishiya ko dutsen da ke daidai da wurin, sannan ka mayar da shi na hannu don kada ya sake nema. Ƙofar haske f/8, shota kada ta gaza 1/250 in kana tafiya, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya daidaita kansa. Ka rabu da taima ta daƙiƙa 10, gudu za ta sa ka. Ka yi amfani da ɗauka a jere: hoto ɗaya kowace daƙiƙa 2, guda 30. Ka yi tafiyarka yadda ka saba, daga baya ka zaɓi wanda ƙafa ta buɗe da kyau. Sarrafa kyamara da waya yana cinye batir biyu a lokaci guda, kuma sai ka cire safar hannu.

Abu ɗaya da ake mantawa: sawu. Dusar ƙanƙara ba ta yafe kuskure, in ka taka ka taka. Ka yi tunanin hoton kafin ka shiga filin, ka zagaya ta bayan bishiyoyi ka shigo daga gefe. Riga ja ko ruwan lemo tana raba mutum da daji, tana kuma taimaka wa masu ceto in ta kai ga haka.

Malam Isa: Kan ƙafar kyamara ta alminiyom: ka naɗe saman ƙafafun da soson da ake rufe bututun ruwa, ka ɗaure da salatif. Alminiyom yana zuƙe ɗumin hannu da sauri, fata mai laima tana mannewa. Kada ka buɗe ƙafafun gaba ɗaya ka danna cikin dusa mai zurfi, tana tura su waje har mahaɗar ta karye. Ka buɗe rabi ka danna, ko ka tattake wurin da faffaɗan takalmin dusa ka jira minti 10 ya yi tauri. Safar hannu hawa biyu: siririya da ba a cirewa sam, da babba mai kauri a sama wadda aka ɗaure da igiya a wuyan hannu. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce in sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. In ɗan yatsa ya yi fari ya daina ji, a bar hoto, a sa shi a hammata, kada a murza.

Nura: Madalla. Saura hoton dare.

Maman Sadiq: Ka tsara shi tun da sauran haske: ka kafa ƙafar kyamara, ka ga inda tamfol zai zauna a hoton da inda sama ta buɗe tsakanin bishiyoyi, ka bar ta a nan. Kuskuren kowa shi ne hasken cikin tamfol ya yi yawa. Fitilar goshi a mafi ƙarancin haskenta, a naɗe da farin ƙyalle ko a zura cikin safa, a rataye a igiyar tsakiya tana kallon sama. In a ido kana ganin ta yi kaɗan, to ta yi daidai. Fara da f/2, daƙiƙa 15, ISO 3200. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba 500 da tsawon lens, wato daƙiƙa 25 ga 20mm, amma a kyamarorin yanzu masu ƙwayar hoto da yawa taurari sun fara jan wutsiya kafin nan. In tamfol ya ƙone taurari kuma sun yi daidai, kada ka taɓa saiti, ƙara wa fitilar ƙyalle.

Fokos na hannu: ka nemi tauraro mai haske, ka ƙara girmansa a allo, ka juya zobe har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Kada ka dogara da alamar da ke jikin lens, sanyi yana ɗan gusar da ita. In wata ya cika, lissafi ya sauya: ISO 800, f/4, daƙiƙa 15, dajin zai fito kamar da rana amma taurari za su ragu. A Janairu kaza da 'ya'yanta tana sama tun farkon dare, ba sai ka kai tsakar dare kana jira ba.

Injiniya Habu: Ƙari biyu. Ka kashe rage-hayaniya na doguwar ɗauka, wato saitin da ke share ɗige-ɗigen hoto, yana ninka lokacin kowane hoto da cin batir, kuma na'urar da ta yi sanyi dama ba ta da hayaniya sosai. Na biyu, gilashin da ke kallon sama yana yin sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi, sai farin ƙanƙara ya kwanta masa, musamman kusa da tafki. Ka sa hular lens, ka naɗa masa ɗamarar ɗumama mai USB, ko ƙunshin ɗumama hannu biyu da roba. Ƙunshin garin ƙarfe ne a ciki, yana buƙatar iska, don haka ka fara ɗumama shi a aljihu kafin ka ɗaura. Ka ɗaura kafin ka saita fokos, ba bayan ba.

Hajiya Rabi: Malam Nura, ka ji ni da kyau a nan. Hasken da ya fi kyau yana zuwa ne daidai lokacin da ya kamata a ce kana kafa sansani, kuma wannan ne tarkon mai hoto. Ka isa masauki kafin biyu da rabi. Tamfol farko, ƙasa-ƙasa, gangarensa a tsaye don dusa ta zame, gefensa na fuskantar iska. Turaku ba sa shiga daskararriyar ƙasa: ka naɗa igiya a sanda mai tsawon kamu biyu, ka binne a kwance, ka tattake, ka jira minti 20 kafin ka ja. Sai gado da barguna, a girgiza su su kumbura. Sai ka cire rigar da ka yi gumi a ciki, ka sa busasshiya. Sai ruwa. Bayan nan ne kyamara.

Ruwa yana cin lokaci da mai. Ka fara da ɗan ruwa a tukunya kafin ka zuba dusa, in ba haka ba gindinta zai ƙone. Gwangwanin gas ba abin dogaro ba ne: butan yana daina zama iska a kusan sifili, aisobutan a kusan 12 ƙasa da sifili. Risho mai famfo na farin mai (white gas, wani tataccen fetur na risho) shi ne na wannan sanyi, kuma kada man ya zuba a fata, ƙunar sanyi yake yi nan take. Kada a kunna risho a rufaffen tamfol saboda iskar guba marar wari. Matatar ruwa mai siraran bututu in ta daskare ta fashe daga ciki ba tare da alama ba, tafasawa ta fi. Gorar ruwa a kife ta, ƙanƙara daga sama take farawa. Lita ɗaya ta ruwan zafi a gora mai jure zafi, a rufe tam, a zura a safa, a sa tsakanin cinyoyi lokacin kwanciya.

Ɗan Maraɗi: Alwala fa a wannan sanyi?

Malam Isa: Ruwan ɗumi daga fulas, a bayan tamfol inda iska ba ta bugu, a goge kowace gaɓa ta bushe nan take. Ka sa huffi da alwala tun daga gida don ka riƙa shafa maimakon cire takalmi. Sharuɗɗan shafa da na taimama idan ana tsoron cutuwa, ka zauna da malaminka kafin tafiya.

Sai dokokin wurin. Ana buƙatar takardar izinin kwana daga Ontario Parks, hukumar da ke kula da dajin. Da hunturu ba a kwana a masaukan bazara da aka ware, kuma sai ka yi nesa da bakin tafki ko hanya da mita 30. Jirgi marar matuƙi ba a tashinsa sai da izini. Kada ka hau daskararren tafki don neman kusurwar hoto: inda rafi ke shiga ko fita ƙanƙarar siririya ce, dusa kuma ta rufe ta, kai kuma babu mai jawo ka. Sabis na waya ba ya nisa da babbar hanya ta 60 da ta ratsa dajin, don haka ka riƙe na'urar saƙo ta tauraron ɗan adam irin Garmin inReach, a aljihun ciki tare da batura. Ka bar wa mutum ɗaya takarda: inda ka ajiye mota, hanyar da za ka bi, inda za ka kwana, da sa'ar da in ta wuce bai ji ka ba zai kira lambar gaggawa 911. Daren farko kada ka wuce kilomita 3 daga mota, domin tafiya cikin dusar da ba a taka ba tana cin ninki biyu na lokacin da ka saba.

Nura: Allah ya saka da alheri. Zan fara da Mew Lake, in ƙaro bargon ƙasa da batir biyu. Injiniya, ɗamarar ɗumama lens ɗin, fawa bank mai nawa za ta ishe ta?

Injiniya Habu: Amin. Mai 10,000mAh ta isa awa uku zuwa huɗu a matsakaicin zafi, in ba ka bar ta ta yi sanyi ba. Ka zura ta a safar ulu tare da ƙunshin ɗumama hannu ɗaya, ka rataya a ƙafar kyamara, ka ɗaure wayar kada iska ta riƙa kaɗa ta. Wayar ta zama mai rufin silikon, ta roba tana sandarewa ta tsage. Kuma wannan fawa bank ɗin ta lens ce kaɗai, ta waya da na'urar saƙo daban.